Minti Ɗaya da Rabi a Zaure: Gano Abin da Ke Hana Kwamfuta Tashi da Wuri

Wata Litinin da hantsi, ana tsakiyar hunturu, hedimastan wata makaranta da ke cikin birnin Zariya, can wajejen Ƙofar Kuyambana, ya aiko yaro a kira ni. Na same shi tsaye bakin ɗakin kwamfuta, ɗalibai zaune bibbiyu sun zuba wa alluna ido, kowane allo tambari ne kawai yake juyawa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, injinan nan sun gaji. Tun makon jiya in an kunna su, har a gama kiran suna ba su buɗe ba. Wani ya ce birus ce, wani ya ce a je unguwar PZ a ƙaro musu RAM. Ni dai a goge su kawai a zuba sabuwar manhaja mu huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin sa'a tukuna, kada a goge komai."

Kwamfutoci goma sha takwas ne, duk na gwanjo, an sa musu Linux Mint domin sabuwar Windows ta fi ƙarfinsu. Darussa da tambayoyin gwaji suna cikin wata kwamfuta guda da ke ofishin hedimasta, wadda muke kira saba, sauran kuma suna ɗibar abin da suke buƙata daga can ta kebul. Irin wannan tsari ya samu gindin zama a Zariya tun da JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, makarantu suka shiga buɗe ɗakunan da yara za su saba da amsa tambaya a allo. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025 kuwa, masu tsofaffin injina suna ƙara waiwayar Linux. Saboda haka cutar da zan yi bayani a kanta za ta ƙara bayyana a makarantu da shagunan buga takardu da ofisoshinmu, kuma ina takaicin yadda ake goge aikin mutane na shekaru a kan abin da gyaransa bai wuce layi ɗaya ba.

Abin da na fara yi shi ne na tsuguna na dubi ƙaramar fitilar da ke gaban akwatin kwamfutar, wadda ke ƙyaftawa in faifan ajiya yana aiki. Ta yi ƙyafce-ƙyafcenta na 'yan sakanni, sai ta mutu, fanka ma ta sassauta. Wannan kaɗai ya ishe ni shaida ta farko. Kwamfutar da ta yi nauyi da gaske, wadda faifanta ya tsufa ko RAM ya yi mata kaɗan, fitilar nan ba ta hutawa, kana ma jin faifan yana ƙara kamar ana niƙa. Wadda ta yi shiru alhali ba ta buɗe ba, jira take yi. Shaida ta biyu tana cikin agogon wayarka: kashe ta ka kunna sau uku kana auna lokaci. Nauyi yana hawa yana sauka, yau minti biyu gobe uku. Jira kuwa ba ya canzawa, kullum adadi ɗaya ne, domin wa'adi ne da aka rubuta mata. In ka ga ƙarin ya tsaya a minti ɗaya da rabi, ko minti biyu cif, ko uku da rabi, kusan ka gama bincike.

Daga nan na sake kunna ta, da tambari ya fito na danna Esc. Tambarin nan labule ne, a bayansa kwamfuta tana rubuta duk abin da take yi. Can ƙasa ga jajayen taurari suna kai da komowa, kusa da su an rubuta:

A start job is running for /mnt/darasi

A gaban rubutun akwai lambobi biyu, ɗaya tana ƙaruwa, ɗaya tsaye a kan 1min 30s. In Esc bai yi maka aiki ba, ka shiga jerin zaɓin GRUB tun farkon kunnawa, ka danna harafin e, ka goge kalmomin quiet da splash, sannan ka danna F10. Wannan canji na tashi ɗaya ne, ba ya ɓata komai.

Ga abin da ke faruwa. A Linux akwai wani ɗan fayil mai suna /etc/fstab, shi ne rajistar duk rumbunan da kwamfuta za ta ɗaura wa kanta yayin tashi. Wasu rumbunan a cikin cikinta suke, wasu kuma a wata kwamfuta suke, ana isa gare su ta netwok. Hanyoyin isa rumbun nesa da aka fi amfani da su biyu ne: NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya ƙirƙiro a 1984, da SMB, wanda Windows ke amfani da shi, Linux kuma ke kira cifs a cikin wannan fayil. Mai kula da tashin kwamfutar, wato systemd, wanda Ubuntu da Debian suka koma kansa a 2015, yana karanta rajistar ya mayar da kowane layi aiki. Duk rumbunan nesa yana tara su ƙarƙashin wani mataki mai suna remote-fs.target, kuma an tsara cewa ba za a buɗe wa mutane allon shiga ba sai an wuce wannan mataki, ko an yi nasara ko an haƙura. Akwai hikima a ciki, domin a wasu wurare fayilolin mutum gaba ɗaya a saba suke, in an bar shi ya shiga kafin su iso ɗaki fayau zai tarar.

A gidajenmu na cikin birni baƙo ba ya wuce zaure. Yakan yi sallama, in ya ji shiru ya sake, in ya cika uku ba a amsa ba ya juya, haka aka koya mana tun muna yara. Ita ma kwamfuta tana da tata ƙa'idar. Manhajar da ke ɗaura NFS, in ba ta samu saba ba, takan yi ta maimaita sallama har minti biyu. Shi kuma systemd haƙurinsa sakan 90 ne, da sun cika sai ya katse aikin ya ci gaba da tashi. Nan ne minti ɗaya da rabi ya samo asali. Waɗanda suka tsara waɗannan lambobi sun yi su ne domin jami'o'i da kamfanonin da sabarsu ke kunne dare da rana, inda rashin amsawarta abu ne na nadiri. Mu kuwa a nan, da ake ɗauke wuta a dawo da ita, a tada janareta a kashe, rashin saba abu ne na yau da gobe. Wanda ya kwafo layin fstab daga littafi ya liƙa yadda yake, ya kwafo har da zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa.

Kafin ka ɗora laifi a kan netwok, karanta layin nan mai taurari da kyau, domin cutar tana da tagwaye. In ka ga dev-disk-by da dogon jerin lambobi da haruffa, faifai ne na cikin gida ake nema ba a samu ba: ko dai wani faifan USB da aka rubuta a fstab aka cire, ko ɓangaren swap da lambarsa ta canza bayan an sake raba faifai. Shi ma sakan 90 yake ci, kuma in rumbun fayiloli ne yakan jefa kwamfuta cikin baƙin allon gaggawa maimakon ta buɗe. Maganinsa daban ne: umarnin blkid zai nuna maka lambobin faifan na gaskiya ka gwada su da na cikin fstab.

Da kwamfutar ta buɗe, sai a nemi shaida a rubuce. Buɗe tagar rubuta umarni ka sa:

systemd-analyze

Zai raba maka lokacin tashi kashi-kashi. Kason ƙarshe, mai suna userspace, shi ne abin dubawa. A lafiyayyar tsohuwar kwamfuta bai cika kai minti guda ba, a ta makarantar nan ya haura minti ɗaya da sakan hamsin. In ya ce maka tashi bai ƙare ba tukuna, to har yanzu akwai aikin da ke maƙale, kuma systemctl list-jobs zai faɗa maka sunansa. Sai na biyu:

systemd-analyze blame

Wannan yana jera ayyuka daga wanda ya fi cin lokaci zuwa ƙasa. A saman jerin na ga mnt-darasi.mount da 1min 30s. Sunan ba baƙo ba ne, /mnt/darasi ne aka mayar da sandunan tsakiyarsa karan ɗori. Amma a yi hattara da wannan jeri, na ga ya ɓatar da masu gyara da dama. Ayyuka da yawa tare suke gudana, wani zai iya cin minti biyu a gefe ba tare da ya tare wa kowa hanya ba, kamar mai duba sabbin manhajoji. Mutum ya gan shi a sama ya kashe shi, ya sake kunna kwamfuta ya tarar babu abin da ya ragu. Abin da ke nuna wanda ya tare hanya shi ne:

systemd-analyze critical-chain

Yana zana sarƙar wanda ya jira wane. Lambar da ke bayan alamar @ ita ce lokacin da aikin ya samu, wadda ke bayan + kuma tsawon abin da ya ci. Wani lokaci mai laifin ba ya fitowa da sunansa a sarƙar, tunda faɗuwa ya yi bai kammala ba. Giɓi za ka gani: netwok ta samu a sakan na goma sha biyu, aiki na gaba kuma sai bayan minti ɗaya da sakan arba'in da wani abu. Abin da ya faru cikin giɓin yana cikin littafin tarihi:

journalctl -b -u mnt-darasi.mount

A nan za ka karanta da idonka cewa lokaci ya ƙare an katse ɗaurin. In kana son ganin tarihin tashin gaba ɗaya da sakannin kowane layi, ka rubuta journalctl -b -o short-monotonic, ka gangara kana neman wurin da lambobin suka yi tsalle.

Gwaji na ƙarshe da ke yanke gardama mai sauƙi ne. Ka fara ajiye kwafin rajistar da sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho, kada ka taɓa tsallake wannan, domin kuskuren harafi ɗaya a fstab yana iya hana kwamfuta buɗewa. Sannan ka buɗe fayil ɗin, ka sa alamar # a farkon layin rumbun nesa, ka sake kunnawa. Ta makarantar nan ta buɗe cikin sakan talatin da 'yan kai. Hedimasta ya ce, "Shi ke nan, Malam, a yi wa sauran haka." Na ce, "Ranka ya daɗe, mun dai gano mai laifi. In muka tsaya nan yara za su buɗe kwamfuta ba darasi a ciki."

Tambaya ta gaba ita ce me ya hana saba amsawa. Nakan bi abin daga kusa zuwa nesa, kamar mai neman gida: hanya tana nan, gidan yana nan, ƙofa a buɗe take? Umarnin ip a zai nuna ko kwamfutar kanta ta samu adireshi. In ba ta samu ba, duba kebul da suwici da rauta kafin komai. Ƙurar hunturu tana shiga ramin kebul, ɓeraye suna cin wayar da aka bi da ita ta cikin silin, tsawar damina kuma takan kashe rami ɗaya ko biyu a suwici ta bar sauran da rai. In adireshi ya samu, sai ka ƙwanƙwasa wa saba da ping da lambar da ke cikin fstab. A wurinmu 192.168.1.10 aka rubuta, amsar da ta dawo kuwa ita ce babu kowa a wannan adireshi. Na shiga ofis, ga saba a kunne lafiya lau. Na rubuta hostname -I a kanta, ta ce ita yanzu 192.168.1.104 ce. Ashe makon da ya wuce rautar ta ƙone bayan an dawo da wuta da ƙarfi, aka sayo sabuwa aka jona. Tsohuwar an koya mata ta riƙa ba saba lamba 10 kullum, sabuwar ba wanda ya gaya mata, sai ta ba ta abin da ya zo hannu. Kwamfutoci goma sha takwas suna ta sallama a zauren da mai gidan ya tashi.

Wannan shi ne sanadin da na fi haɗuwa da shi, kuma maganinsa a ba saba adireshi na dindindin, ko a cikin ita kanta ko a cikin rauta. Ni na fi son a cikin ita kanta, a zaɓi lambar da ba ta cikin waɗanda rauta ke rabawa, domin rauta ta fi saba saurin mutuwa. In suna aka rubuta a fstab maimakon lamba, ka gwada getent hosts da sunan, in ya yi shiru ko ya daɗe to matsalar fassara suna ce, ka rubuta sunan da lambarsa a /etc/hosts ko ka koma lamba kai tsaye.

In ping ya amsa amma ɗauri bai yiwu ba, saura ƙofa. Yadda ganuwar Zazzau ke da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, kowace da inda take kaiwa, haka saba ke da ƙofofi masu lamba. NFS ta 2049 yake shiga, tsohon nau'insa na uku yana buƙatar 111 ma, SMB kuma ta 445. Da nc -zv 192.168.1.10 2049 za ka san ko a buɗe take. In an ce maka an ƙi nan take, manhajar rabon ce ba ta tashi ba a saba. In kuwa aka bar ka shiru har lokaci ya ƙare, katangar tsaro ce ke haɗiye saƙon, kuma ita ce ke haddasa jira mafi tsawo. Daga nan ka ɗaura da hannunka, sudo mount -v /mnt/darasi, ka karanta abin da zai faɗa. A ɓangaren SMB akwai wani tarko: tsofaffin akwatunan ajiya da wasu rautoci masu ramin USB nau'i na farko kawai suka iya, alhali tun 2017, shekarar da cutar WannaCry ta bi ta wannan nau'i ta addabi duniya, Windows da Linux suka daina fara magana da shi. Ana iya tilasta shi da vers=1.0, amma ba na ba da shawarar haka a wurin da ake ajiye sakamakon ɗalibai.

Akwai kuma inda laifin ba na saba ba ne sam, jiran netwok ɗin kanta ne. A jerin blame za ka ga suna mai ƙarewa da wait-online.service. A Ubuntu na saba wannan jira yana kai minti biyu, kuma sau da yawa sanadinsa injin mai ramin kebul biyu ne aka jona ɗaya aka bar ɗaya, shi kuwa yana jiran duka. A fayil ɗin netplan sai a rubuta optional: true ƙarƙashin ramin da ba a amfani da shi. In jiran netwok ya haɗu da jiran saba, a jere suke zuwa, shi ya sa wasu ke ganin minti uku da rabi. Mutane da yawa sukan kashe wannan aiki na jira gaba ɗaya su ce sun yi magani. Abin da ke biyo baya shi ne kwamfuta ta nemi saba kafin ta samu adireshi, ɗauri ya faɗi, gobe ya yi, jibi ya ƙi, a rasa gane kansa.

Masu laftof da Wi-Fi suna da tasu kalar. In an ajiye kalmar sirrin Wi-Fi a asusun mutum ɗaya, netwok ba za ta haɗu ba sai ya shiga, shi kuma ba za a bar shi ya shiga ba sai an gama jiran rumbun da ke buƙatar netwok. A saitin Wi-Fi ɗin akwai wurin da ake yarje wa duk masu amfani da kwamfutar, a sa masa alama. A tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni kuma, masu kaurin bango, siginar da ta ratsa soro biyu ta riga ta galabaita. Duk kwamfutar da ba a yawo da ita, a ja mata kebul.

Yanzu gyara na ainihi, wanda zai sa ko saba tana nan ko ba ta nan kwamfuta ta buɗe a kan lokaci. Bayan an mayar wa saba lambarta ta da, ga layin da na bar wa makarantar:

192.168.1.10:/srv/darasi  /mnt/darasi  nfs  nofail,x-systemd.automount,x-systemd.mount-timeout=15s  0  0

Kalmar nofail tana gaya wa systemd kada ya tsayar da tashi saboda wannan rumbu. Ta biyun, x-systemd.automount, ita ce zuciyar gyaran: ba a ɗaura komai yayin tashi, sai lokacin da wani ya buɗe foldar sannan a je a nemo saba. In an kunna saba bayan kwamfutocin yara da minti goma, ba sai an sake kunna kowa ba, da yaro ya danna folda darasi zai fito. Ta ukun ta rage haƙuri daga sakan 90 zuwa 15. Bayan gyara ka rubuta findmnt --verify ya duba maka kuskure, sannan sudo systemctl daemon-reload, sannan ka gwada ta hanyoyi biyu: tashi da saba a kunne, da tashi da saba a kashe. Wanda bai yi gwaji na biyu ba bai gama aiki ba. Ka lura kuma kada ka bar gajeriyar hanyar foldar a fuskar kwamfuta ko ka ɗaura rumbun a cikin foldar mai amfani, domin manhajar nuna fayiloli za ta taɓa shi da an shiga, jiran ya dawo ta bayan gida.

Za ka ji ana yawan ba da shawarar _netdev. Ba ta da illa, amma a kan nfs da cifs ba ta ƙara komai, domin systemd ya riga ya san na nesa ne daga sunansu. Amfaninta na ga rumbunan da ke kama da na cikin gida alhali ta netwok suke zuwa, irin su iSCSI.

Abu biyu ne nake so mai karatu ya ji tsoronsu. Na farko, nofail ita kaɗai ba tare da automount ba. Kwamfuta za ta buɗe da sauri, amma in saba ba ta nan, /mnt/darasi folda ce kawai fanko a faifan cikin gida, kuma wanda ke da izinin rubutu a cikinta zai ajiye aikinsa yana zaton ya tafi saba. Washegari in ɗauri ya yiwu, rumbun nesa ya rufe foldar, aikin jiya ya ɓace daga ido. Na taɓa ganin mai buga takardu a wani shago ya yi kwana biyu yana neman babi uku na kundin wani ɗalibi, ashe suna nan ƙarƙashin ɗaurin. In dole ne ka yi haka, ka sauke rumbun, ka kulle foldar da sudo chattr +i /mnt/darasi, yadda ba mai iya ajiye komai a ciki sai an ɗaura. Na biyu, kalmar soft. A asali NFS hard yake, wato in saba ta ɓace ana tsakiyar aiki, manhaja za ta daskare tana jira har ta dawo. Daskarewar tana da ban haushi, shi ya sa ake cewa a sa soft domin ta haƙura. Amma haƙurin a tsakiyar rubutu yana iya barin fayil rabi ya isa rabi bai isa ba. Ga rumbun karatu kawai, mai ro, irin na darussa, soft ba laifi. Ga inda ake rubuta maki ko lissafin kuɗi, a bar shi hard, a kashe kuɗin a kan batirin da zai riƙe saba.

Akwai wurin da jira daidai ne, kamar ɗakunan da foldar kowane mai amfani gaba ɗaya take a saba. A nan ba a cire jira, tsarin kunnawa ake gyarawa. Rauta da suwici da saba su kasance a kan inbata ko UPS guda, tunda ba su da cin wuta sosai. A saitin BIOS na saba a zaɓi ta kunna kanta in wuta ta dawo, a kuma canza mata ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, domin in ya mutu saitin yana gogewa, agogo ma ya koma baya. Manyan suwici irin na ofisoshi kuma sukan riƙe sabon haɗi kusan sakan 30 suna tabbatar da babu zagaye a wayoyi kafin su bar saƙo ya wuce, sai mai kula da su ya saita ramukan kwamfutoci su buɗe nan take.

Masu Windows ma abin bai bar su ba, sai dai nasu jiran yakan zo ne bayan an rubuta kalmar sirri, ko lokacin buɗe This PC, koren zare yana jan ciki a sama. Sanadin shi ne rumbun nesa da aka ba harafi, kamar Z, aka ce a sake haɗa shi duk shiga. Rubuta net use ka ga jerinsu, duk wanda aka ce ba ya samuwa kuma ba a buƙatarsa ka cire shi da net use Z: /delete. Sau da yawa za ka tarar rumbun wani ofishi ne da kwamfutar ta baro tun kafin a sayar da ita. A wuraren da ke da saba mai kula da asusun ma'aikata, akwai wata doka a Group Policy da ke cewa a jira netwok kullum kafin shiga, ita ma a duba ta.

A makarantar nan kuwa, kafin azahar mun gama da injina goma sha takwas. Na sa aka kashe saba da gangan, muka kunna ɗakin gaba ɗaya, duk suka buɗe kafin minti guda. Aka kunna saba, wata yarinya a layin gaba ta danna folda, tambayoyin lissafi suka fito. Na karɓi farar takarda na rubuta adireshin saba da manyan lambobi, ƙarƙashinsa na rubuta cewa duk ranar da aka canza rauta a tabbatar wannan lamba ba ta canza ba, muka manna ta da salatif a jikin akwatin sabar.